Agogon obin ɗinki gaskiya yake faɗa miki kuwa? Ga yadda nake gwada nawa

Satin bikin ɗiyar maƙociyarmu abin ya faru dani. Kek ɗari biyu na ƙananan gwangwani aka bani nayi na ranar kamu, na tashi tun asuba na hura itace a obin ɗin da mai walda ya haɗa min, na jira harshen wuta ya kwanta, allurar agogon auna zafi ta hau 180 cif, na jera tire na farko na rufe na koma kan kwaɓi. Ko minti sha biyar ba'a yi ba naji ƙauri ya cika tsakar gida. Ina buɗewa saman kek yayi baƙi kamar gindin tukunya, na soka tsinke ya fito da kwaɓi ɗanye, agogo kuma yana nan abinsa akan 180 ko kunya babu. Goggo tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa, ta taso ta miƙa hannu cikin obin ɗin ta janye da sauri tace "ke 'yar nan wannan wutar ai ta gasa rago ce, mi kika sa ma ido haka?" Nace Goggo agogo ne ya nuna, tace to agogon ya ci miki fulawa.

Daga ranar na daina yarda da ma'aunin zafi sai na gwada shi, kuma gwajin ba wani kayan aiki yake buƙata ba, ruwa ne da sukari da ɗan haƙuri.

Amma kafin a kai ga wuta, 'yar uwa duba fuskar agogon tukuna, don mutane da yawa nan suke faɗuwa agogon bai yi musu komai ba. Yawancinsu layi biyu ne na lambobi, ɗaya mai harafin C ɗaya mai harafin F. Mu C muka saba da shi, 'yan Amurka kuma F suke aiki dashi, shi yasa zaki ga bidiyon girki wata tace 350 wata tace 180 alhali kusan zafi ɗaya suke nufi, 350 na F shine 177 na C. In aka ce miki 180 kika je kika bi layin F, zafin da kika tsaya a kai 82 ne kacal a C, ko ruwa bai tafasa ba balle kek ya tashi. Ni jan farce na ɗiga akan gilashin daidai 180 na C saboda yaran da ke tayani kar su ruɗe.

Sannan ki san wane iri ne a hannunki. Akwai zagayayyen nan da ake tsayarwa ko a rataye cikin obin, akwai wanda mai walda ke hudawa ya ɗaure a jikin ƙofa mai ɗan tsinke ta baya, akwai mai maganaɗisu da ake mannawa a bututun hayaƙi, sai na dijital mai dogon tsinke da batir, sai kuma mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa. Ukun farko duk cikinsu ɗaya ne. In kika juya bayan mai maganaɗisu zaki ga wani siririn ƙarfe a nannaɗe kamar sifirin, to ƙarfe biyu ne daban aka manne su, in zafi ya taɓa su ɗaya yafi ɗaya miƙewa sai nannaɗin ya murɗa ya ja allura. Ba lantarki ba batir, shi yasa yake da araha kuma yake jure wuta. Kuma shi yasa yake saurin karkacewa, ya faɗi ƙasa sau ɗaya ko tsatsa ta kama nannaɗin ko kunkunniya ta toshe shi ko a barshi cikin wutar da ta wuce ƙarshen lambobinsa, shikenan allura ta koma nuna abin da taga dama. Nawa daga baya na gano autana ne ya taɓa yar dashi akan siminti ya maida wurinsa bai faɗa ba.

Gwaji na farko tafasasshen ruwa. A makaranta an koya mana ruwa na tafasa a 100, haka ne amma a bakin teku kenan irin Legas. Duk sanda ƙasa ta ƙara tudu da kamar mita 300, tafasar na sauka da kusan digiri 1. Katsina muna sama da teku da wajen mita 500, Daura ma bata yi nisa da haka ba, don haka ruwanmu a wajen 98 yake tafasa, a F kuma 208. Mutanen Jos nasu ma wajen 96 ne. Na faɗi wannan ne don kar ki ga 98 ki ce agogo ya lalace ki jefar da mai kyau. Abin da ya sa ruwa ya zama ma'auni shine in dai ya fara tafasa sosai, ko itace goma kika ƙara zafinsa baya wuce nan, ƙonewa kawai zai dinga yi yana tafiya a tururi.

Ki samu tukunya mai zurfi ki zuba ruwa zalla, banda gishiri banda komai, ki bari ya tafasa yana ɓul-ɓul ba wai ƙananan kumfa na gefe ba. In mai tsinke ne, ki tsoma tsinken ya shiga kamar tsawon ɗan yatsa, santimita 5 ko fiye, a tsakiyar ruwan, kar ya taɓa gindin tukunya ko gefenta don ƙarfen da ke kan wuta yafi ruwan zafi. Na dijital cikin 'yan daƙiƙu zai tsaya, mai allura ki bashi minti ɗaya zuwa biyu. Ki riƙe da tsumma ko filaya, tururi yafi ruwan cin hannu, na sha shi a wuyan hannu har yau tabon na nan.

Shi kuma zagayayyen na cikin obin da mai maganaɗisu ba'a yi su don shiga ruwa ba, in kika dulmiya su ruwa na shiga bayan gilashi ya zauna. Dabarar da nake yi madambaci. Na ɗora shi kamar zanyi dambu, in ruwa ya tafasa tururi ya fara fita da ƙarfi sai na kwantar da agogon a ciki fuskarsa na kallon sama, na rufe ruf na barshi minti 10, tururin da ke cikin rufaffen madambaci kusan zafinsa ɗaya da ruwan da ke tafasa a ƙasa. Ina ɗaga murfi nake karantawa nan take kafin iska ta buge shi, in gilashin yayi gumi sai a shafa da tsumma da sauri. Bayan nan a shanya shi a rana ya bushe sarai kafin a ajiye, in ba haka ba ke da kanki kin gayyato tsatsa. Nawa na ranar bikin da na saka shi a madambaci 85 ya nuna maimakon 98.

Wasu masu tsinke suna da ɗan noti a ƙarƙashin fuskar, daidai inda tsinken ya haɗu da kan. In naki na dashi kin huta, yana cikin ruwan zaki kama notin da filaya ki murɗa kan a hankali har allura ta zauna 98. Zagayayyen na cikin obin yawanci bashi da wurin gyara, kar kice zaki ɓalle gilashi ki tura allura da hannu, na gwada da wani na ƙarasa shi.

In na dijital ne ki ƙara masa gwajin ƙanƙara. Ki sayi ƙanƙara ki naɗe a tsumma mai tsafta ki farfasa ta ƙanana, ki cika kofi dam, ki zuba ruwa kaɗan iya wanda zai cike ramukan, ki juya ki jira minti 2 zuwa 3 sannan ki tsoma tsinken a tsakiya. 0 ya kamata ya nuna, a F 32. In ƙanƙarar ta taso tana yawo a sama ruwa yayi yawa, ƙasan kofin zai fi 0, sai ki tsiyaye ki ƙara ƙanƙara. Masu allura na obin lambarsu ma bata sauko nan ba, yawanci daga 50 suke farawa, don haka wannan ba nasu bane.

To ga inda na so na sake yin kuskure. Da naga 85 maimakon 98 sai nace shikenan ragin 13 yake yi, zan dinga ƙara 13 a kai. Yayana da ke gyaran waya da rediyo yazo gaida Goggo ya tarar ina lissafi yace "ƙanwata a 98 kike gasa kek ɗin?" Nace a'a Yaya. Yace to ki gwada shi a inda kike aiki dashi. Gaskiyarsa, don nannaɗin ƙarfen nan in ya karkace ba lallai ƙaryarsa ta zama ɗaya daga ƙasa har sama ba, sau da yawa tana ƙaruwa ne yadda zafi ke ƙaruwa. Nan sukari ya shigo.

Farin sukari na shayi yana narkewa a wajen 186 na C, wato dab da zafin da muke gasa kek, shi yasa yake da amfani. Ki yanki takardar foyil ki lanƙwasa ta kamar ɗan faranti, ko ki ɗauki gwangwanin kek ɗaya, ki zuba sukari cokali ɗaya ki ɗan baza shi. Ki hura obin kamar kullum amma ki jira itacen ya cinye ya zama garwashi, don harshen wuta hawa da sauka yake ba zai barki ki tsaida zafi wuri ɗaya ba. Agogon ya kasance a ciki tun farko a kan ragar tsakiya inda tire ke zama, kuma ki bashi aƙalla minti 15 zuwa 20, mai allura nawa gare shi, obin na iya yin zafi shi yana baya yana tahowa. Ki fara daga ƙasa. Ki daidaita garwashi allura ta tsaya wajen 150, ki ajiye sukarin gefen agogon ki rufe minti 15. In kin buɗe yana nan fari garas sai ki ƙara garwashi kaɗan ta hau 165, ki sake jira, sannan 175, sannan 190. Agogo mai gaskiya a 175 sukari zai zauna a bushe ko gefensa ya ɗan yi ja, a 190 kuma ki tarar ya narke ya zama ruwa kalar zuma. In ya narke tun allura na ƙasa da haka, agogonki ragi yake, obin yafi abin da yake nunawa zafi. In har 200 ta wuce sukari na kallonki, ƙari yake yi. Duk zagaye ki sa sabon sukari a sabon foyil, wanda ya daɗe a ciki yana iya yin ja saboda daɗewa ya ruɗe ki. Kuma narkakken sukari kar ki kuskura ki taɓa da yatsa, mannewa yake a fata.

Nawa tun a 150 na tarar da sukari ya zama ruwa. Kinga kenan ragin da yake 13 a tafasar ruwa ya koma 35 ko fiye a sama, ranar kamu da yake ce min 180 ashe wajen 215 nake gasa kek ɗin mutane. Gwajin sukari ba na ɗakin bincike bane, zai iya kaucewa da digiri kaɗan, amma ƙaryar 30 ko 40 bata ɓuya masa, kuma irin wannan ce ke ƙona kaya, ragin 5 ba abin da zai yi wa kek.

Washegari Yaya ya dawo da mitarsa ta aiki, irin wadda suke auna batir da ita, tashi tana da wata siririyar waya mai ɗan dunƙule a baki da ake auna zafi da ita. Abin da ya burge ni sai da ya fara tsoma wayar a tafasasshen ruwa ta nuna 98 sannan ya yarda da ita, ya zura ta ta gefen ƙofar obin ya ɗaure bakinta a raga kusa da agogona ba tare da ta taɓa ƙarfe ba, muka zauna yana karanto tashi ina leƙa nawa ina rubutawa. In kina da mai irin wannan mitar a dangi ko a layinku ki roƙe shi awa ɗaya, yafi komai sauƙi. Abin da ba'a yi shine a sayo agogo biyu iri ɗaya a shago ɗaya a jera su ace ana gwada wani da wani, in suka saɓa baki san mai gaskiya ba, in suka yi daidai ma zai iya zama tare suke ƙaryar.

Da muka gama ban jefar dashi ba. Na maimaita gwajin sau uku a ranaku daban kullum abu ɗaya yake bani, to maƙaryacin da baya canja magana ana iya zama dashi. Na ɗauki gawayi na rubuta a bangon kicin, 180 ki tsaya a 145, 200 ki tsaya a 160, da shi na ƙarasa shekarar. Wanda ake jefarwa shine yau yayi ragin 10 gobe ƙarin 20, ko allurarsa na maƙalewa sai kin ƙwanƙwasa gilashi ta yi tsalle, ko in ya huce bata komawa inda take zama da. Wannan ba lissafin da zai gyara shi.

Wani abu kuma, sau tari agogon lafiyarsa lau, wurin da aka ajiye shi ne matsala. Obin ɗin walda falle ɗaya ne na ƙarfe, wuta daga ƙasa take, kusa da gindi wuta ce sosai, sama kuma zafi ke taruwa, ƙofa ita ce tafi ko'ina sanyi balle da hunturu in iskar Disamba da Janairu na kaɗawa tana bugun ta. Wanda aka ɗaure a ƙofa zafin ƙofa yake faɗa miki ba na tsakiyar tire ba. Don ki san halin obin ɗinki ki sayi burodi mai yanka-yanka ki jera a tire ya cika, ki saka minti kaɗan ki fito dashi, inda yayi baƙi da inda ya zauna fari taswirar obin ɗinki kenan. Nawa kusurwar baya ta hagu ce mugun wuri, sai da na zuba yashi a tiren ƙasa kamar yadda iyayenmu ke yi in za su gasa a tukunya sannan ya ɗan daidaita, kuma har yanzu ina juya tire a rabin lokaci.

Mai maganaɗisu kuwa don Allah a daina manna shi a jikin obin ana gasa kek da lambarsa. An yi shi ne don murhun ɗumama ɗaki na ƙasashen sanyi, ana manna shi a bututun hayaƙi kamar santimita 45 sama da murhun, zafin fatar bututun yake aunawa, hayaƙin da ke ciki ya fishi zafi nesa ba kusa ba. Kalolin da ke fuskarsa ma maganar bututu suke, ɓangaren ƙasa wajen 120 zuwa ƙasa yana nufin wutar tayi sanyi hayaƙi zai dinga daskarewa ya zama baƙin kwalta a bututu wanda wata rana ke kamawa da wuta, na tsakiya wuta na ci daidai, na sama ana ɓarnar itace. In obin ɗinki nada bututu yana da amfani a nan, zai nuna miki ɗanyen itace tun kafin idonki ya fara ruwa. Ki goge wurin da za'a manna shi ya zauna daram, in akwai tsatsa ko toka tsakaninsu ragi zai yi.

Ita kuma bindigar, kala biyu ce kar a haɗa. Wadda aka dinga haska mana a goshi lokacin korona ta jikin mutum ce, lambarta a kusa da zafin jiki take, in kika nuna ta a obin ba abin da zata faɗa miki. Ta masu aiki ita ke kai ɗaruruwa, amma fatar abu kawai take gani bata auna iskar cikin obin, kuma ƙarfe mai ƙyalli na ruɗa ta, ki haska sabon tiren silba ta ce miki 90 alhali in kika taɓa sai kin yi ihu. Ki ajiye baƙin kasko ko tsohon tire da ya sha wuta a ciki yayi zafi tare da obin, shi zaki haska, kuma daga kusa don in kika ja baya faɗin wurin da take karantawa ƙaruwa yake ta haɗa da abin da baki nufa ba. Na gilashin nan na asibiti da ake sawa a hammata kuwa ko da wasa kar ya kusanci ruwan zafi, iyakarsa 42, fashewa zai yi, kuma ruwan azurfan da ke cikinsa guba ne.

Duk gwajin nan a tsakar gida ko kicin mai buɗaɗɗen taga ake yinsa. Na san da sanyi mutum na son ya ja garwashi ɗaki ya turo ƙofa, to iskar da garwashi ke fitarwa bata da wari bata da kala, barci take sawa mutum ya wuce.

Ni yanzu duk farkon hunturu nake gwadawa, da bayan damina saboda tsatsa, da duk ranar da ya faɗi, sai kuma in an kawo babban aiki irin na biki ko na sallah, daren kafin ranar nake ɗora madambaci. Sabo ma daga kwalinsa sai ya bi ta madambaci da sukari kafin ya ga kwaɓina, wanda na saya bayan wancan ƙarin 10 yake yi tun ranar farko. Goggo dai har yau bata kallon allura, fulawa take barbaɗawa a tire ta tura ciki, in tayi kalar ƙasa-ƙasa cikin kamar minti biyar tace a saka, in tayi baƙi tace a kwashe garwashi. Rannan na gwada ta a ɓoye da mitar Yaya, sanda tace a saka mita na kan 183. Ban faɗa mata ba don na san abin da zan sha.